Agogon da Ke Gane Faɗuwar Tsoho: Idan Ya Yi Kira, Wa Zai Zo?

A 'yan shekarun nan an samu wata sabuwar tsaraba da 'ya'ya ke aiko wa iyayensu daga Abuja, Legas, Dubai ko Ingila. Agogon hannu ne da aka ce idan tsoho ya faɗi, shi da kansa zai gane, ya nemo taimako. Tallansa ya cika Facebook da WhatsApp, kuma mutane sun rabu biyu a kansa. Wasu na ganin da zarar an ɗaura wa Hajiya shi a hannu, magana ta ƙare, sai a kwanta a yi barci. Wasu kuma na cewa wannan kayan mutanen da suka yar da iyayensu ne, mu da muke kwana gida ɗaya da kakanninmu ina ruwanmu da shi?

To shin na'ura na iya tsare tsoho daga illar faɗuwa? Idan tana iyawa, wacce ce ta dace da gidajenmu, inda wuta ke zuwa ta tafi, sabis ya ɗauke, kuma motar asibiti ba ta san lungunmu ba?

Gara a faɗi gaskiya tun daga farko. Babu na'urar da ke hana mutum faɗuwa. Aikinta ɗaya ne: ta rage tsawon lokacin da zai ɗauka yana kwance a ƙasa kafin wani ya iso. Duk wata magana a kan agogo, maɓalli ko ƙararrawa, a wannan ma'auni ya kamata a ɗora ta.

Faɗuwa daban, daɗewa a ƙasa daban

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa. A jerin haɗurran da ke kashe mutane ba da gangan ba, haɗarin mota ne kawai ke gabanta. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke aukuwa, wato irin namu, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Hukumar ta ce tsakanin kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara. Wani bincike da aka yi kan tsofaffi a yankunan Yarabawa na Najeriya, wanda masana daga Ibadan suka wallafa a 2010, ya samu kusan kashi 23 cikin 100 sun faɗi a cikin shekara guda.

Abin da mutane suka fi tsoro shi ne karaya, kuma suna da gaskiya. Amma akwai wata illa da ba a cika magana a kanta ba. Likitoci sun ware mata suna na musamman: daɗewa a ƙasa, wato mutum ya faɗi ya kasa tashi har fiye da awa ɗaya. Ko da bai karye ba, jikinsa na iya lalacewa a wannan kwanciyar. Naman da nauyin jiki ya danne a kan siminti na tsawon awanni yana fara mutuwa, ya saki wani sinadari cikin jini wanda ke toshe ƙoda. Shi ya sa wani lokaci ake ganin fitsarin wanda ya kwana a ƙasa ya yi duhu kamar baƙin shayi. Ga ƙishirwa, ga sanyin ƙasa da ke zuƙe ɗumin jiki, musamman da hunturu kuma tufafi a jiƙe. Ga gyambo a inda ƙashi ya tokari ƙasa, ga ciwon huhu da kan biyo baya.

A 1981 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga binciken da aka yi kan mutum 125 masu shekara 65 zuwa sama da suka faɗi a gidajensu. Daga cikin waɗanda suka wuce awa ɗaya a ƙasa, rabi sun rasu a cikin wata shida. Ba a ce kwanciyar ce kaɗai ta kashe su ba, domin sau da yawa wanda ya kasa tashi dama jikinsa ya riga ya yi rauni. Duk da haka adadin ya isa ya nuna cewa awa ɗaya ba ƙaramin abu ba ce a jikin tsoho.

“Ai mu ba a barin tsoho shi kaɗai”

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma na daɗe ina yarda da ita, har ranar da gwaggona ta faɗi.

Gidan da take mutum ya fi goma sha biyar a ciki. Ta tashi da sanyin hunturu kafin kiran sallar farko, ta ɗauki butarta ta nufi bayi, ta sa sakata kamar yadda ta saba. Silifas ɗinta ya hau ruwan sabulun da wani ya bari tun dare, ƙafa ta tafi. Ta yi ta ƙoƙarin miƙewa, hannu ba shi da abin kamawa sai bango mai santsi. Tana jin buɗe ƙofofi, tana jin maza na fita masallaci, tana jin matar ɗanta na hura wuta taku goma daga inda take. Ba ta yi magana ba. Sai da gari ya waye wata jikarta ta rasa ta a ɗaki, aka ga bayi a rufe, aka ɓalle ƙyauren.

Da ta samu sauƙi na tambaye ta, “Gwaggo, me ya hana ki ɗaga murya? Ai ana jin ki.”

Ta ce, “Haba ɗan nan. Zanena a jiƙe, ina kwance a wannan wuri, sai in kira surukata ta zo ta gan ni haka? Na ce bari in huta, ƙarfi zai dawo.”

Tun daga ranar na gane cewa cikar gida ba ta nufin ana tare da tsoho a lokacin da ya fi buƙata. Wuraren da aka fi faɗuwa su ne wuraren da kowa ke shiga shi kaɗai ya rufe ƙofa, kuma lokutan su ne waɗanda gida ke barci ko ya watse: tsakar dare idan fitsari ya taso, gabanin asuba, hantsi bayan yara sun tafi makaranta maza sun fita nema. Dattijon da turakarsa ke can gefe kusa da zaure, ko tsohuwar da aka ware wa sashenta don girmamawa, suna iya yin awanni ba wanda ya leƙa, domin an ɗauka suna hutawa ko suna lazimi. Ga kuma kunya, wadda a wurinmu ta fi ƙarfin zafin ciwo. Balle yanzu da gidan gandu ke watsewa, 'ya'ya na birni, an bar iyaye a ƙauye da jika ɗaya ko 'yar aiki mai zuwa da safe ta tafi da yamma.

Ɓoye faɗuwa ma ba halinmu ba ne mu kaɗai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce fiye da ɗaya cikin huɗu na tsofaffin ƙasar na faɗuwa duk shekara, amma waɗanda ke faɗa wa likitansu ba su kai rabi ba.

Na'urorin da ake da su, da yadda suke aiki

Mafi daɗewa shi ne maɓallin da mutum ke dannawa da kansa. Ana rataya shi a wuya kamar laya ko a ɗaura a hannu. Idan an danna, sai ya aika saƙo ga wani akwati da ke cikin gida, akwatin ya buga waya zuwa cibiyar da ke da ma'aikata dare da rana. Su za su yi magana da tsohon ta lasifika, su kira ɗansa ko maƙwabci ko motar asibiti. A Amurka wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Andrew Dibner ne ya kafa kamfanin Lifeline a 1974 a kan wannan dabara, kuma har yau a kanta akasarin irin waɗannan kamfanoni ke tafiya. Abin lura shi ne ba maɓallin ake saya ba, cibiyar ake biya wa kuɗi duk wata. Wanda ya sayo maɓallin daga waje ya kawo Kano ko Maradi, ya baro cibiyar a can, ya kawo rabin kaya ne.

Na biyu shi ne wanda ke gane faɗuwa da kansa. A cikinsa akwai ƙananan ma'aunai: ɗaya na auna saurin motsi da ƙarfin buguwa, ɗaya na auna juyawar jiki, wasu kuma har da mai auna matsin iska don gane cewa mutum ya sauko daga tsaye zuwa ƙasa. Na'urar na neman abubuwa uku a jere: sulluɓowa da sauri, buguwa da ƙarfi, sannan shiru babu motsi. Idan ta ga wannan jeri sai ta ce an faɗi.

Kamfanin Apple ne ya sa abin ya shahara da ya saka shi a Apple Watch Series 4 a 2018. Idan agogon ya ji faɗuwa mai ƙarfi, zai girgiza hannu, ya yi ƙara, ya tambaya ko lafiya. Idan mutum bai motsa ba kusan minti ɗaya, sai ya fara ƙirga daƙiƙa 30 da ƙara mai ƙaruwa, daga nan ya kira lambar agajin gaggawa ta ƙasar, ya kuma tura wa 'yan uwan da aka rubuta saƙo mai nuna inda mutumin yake. Ga wanda ya rubuta shekarunsa 55 ko fiye, wannan tsari a kunne yake zuwa. Samsung da Google ma sun sa irinsa a agogunansu.

Na uku su ne waɗanda ba a sa wa a jiki. Akwai na'urar rada (radar, mai gano motsi ta hanyar igiyar rediyo) da ake liƙawa a bango, tana gane cewa jikin mutum ya koma ƙasa ba tare da ɗaukar hoto ba, don haka ana iya sa ta a banɗaki. Akwai kyamarori, akwai tabarmar da ake shimfiɗawa gaban gado mai sanar da mai jinya idan an taka. Waɗannan duk suna son wuta da intanet da ba sa yankewa, kuma kuɗinsu ba na talaka ba ne.

Na huɗu yana aljihun kusan kowa, wato wayar hannu. Wayoyin Android na zamani suna da tsarin neman agaji idan aka danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere, iPhone ma tana da nata. Ƙaramar waya mai madannai kuwa ana iya saita ta yadda idan aka danne lamba ɗaya aka riƙe, za ta kira mutum guda kai tsaye.

Inda na'ura ke gazawa

Masu talla ba sa son wannan ɓangaren, amma nan ne mai saye ya kamata ya tsaya.

An daɗe ana gwada waɗannan dabaru da samari masu jefa kansu a kan katifa a ɗakin bincike, kuma a can sakamakon kan yi kyau ƙwarai. A 2012 wasu masu bincike a Turai suka ɗauki dabarun lissafi 13 da aka wallafa, suka gwada su a kan faɗuwa 29 ta gaske da aka naɗa a jikin marasa lafiya. A matsakaici, kashi 57 cikin 100 kawai suka gano. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma dalilin gazawar na nan. Tsoho ba ya faɗuwa kamar saurayi. Jiri ne ke ɗibarsa ya dafa bango ya sulale a hankali, ko ya zame daga bakin gado, ko gwiwa ta saki yana tashi daga tsugunno. Babu buguwa mai ƙarfi, don haka na'ura ba ta ji komai ba. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa agogonsa ba zai iya gane kowace faɗuwa ba.

Akwai kuma akasin haka, wato kiran ƙarya. Mutum ya faɗa kan kujera da ƙarfi, ko ya buga hannu yana wani aiki, na'ura ta ɗauka faɗuwa ce. Idan aka tashi gida sau uku da dare a kan ba komai, a karo na huɗu wani zai ce a ƙyale shi, ko tsohon da kansa ya cire abin don kada ya dami mutane.

Babbar gazawar ma ba ta ƙarfe ba ce, ta mutum ce. A 2008 mujallar BMJ ta buga binciken da aka bi mutum 110 masu shekara fiye da 90 a birnin Cambridge na Ingila tsawon shekara guda. Daga cikin waɗanda suka faɗi, kashi 80 cikin 100 sun taɓa kasa tashi, kashi 30 cikin 100 sun yi awa ɗaya ko fiye a ƙasa. Yawancinsu suna da maɓallin kira, amma a mafi yawan lokutan da aka daɗe a ƙasa ba a danna shi ba. Wani ya ajiye shi a kan tebur, wani ya ce zai iya tashi da kansa, wani na gudun a kai shi asibiti. Maganar gwaggona ce sak, a wata ƙasa da wani harshe.

A ƙara da namu matsalolin. Agogon zamani na son caji kusan kullum, kuma da dare ake cajinsa, lokacin da tsoho ke tashi fitsari. Za a cire shi don wanka da alwala, a wurin da santsi yake. Yawancin waɗannan agoguna ba sa kira sai wayar da aka haɗa su da ita na kusa, a kunne, da sabis. Ko a Birtaniya, inda ake shirin kashe tsofaffin layukan tarho na gida a koma na intanet zuwa Janairun 2027, babban abin da ya tayar da hankali shi ne tsohon layi na aiki ko an ɗauke wuta, sabon kuwa yana mutuwa tare da wutar idan babu batir, ga kuma mutane kusan miliyan 2 da suka dogara da irin wannan maɓalli. Idan su suna wannan fargaba, mai zaune inda wuta ke kwana biyu ba ta zo ba sai ya yi wa kansa lissafi. Tsohon da gigin tsufa ya fara kamawa kuwa, maɓallin dannawa ba zai amfane shi ba, domin zai manta da shi a lokacin da ya kamata ya tuna.

Wa ke amsa kiran?

A ce komai ya tafi daidai, agogo ya gane, ya kira. Wa ya ɗauka?

A Najeriya lambar agajin gaggawa ita ce 112, kyauta ce, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gina cibiyoyin karɓar kiran a jihohi da dama. A 2022 gwamnatin tarayya ta fara gwajin shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS, daga Abuja. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa. A Nijar ana kiran 15 don agajin likita, 18 don 'yan kwana-kwana. A Ghana 112 na aiki, 193 kuma ta motar asibiti ce. Waɗannan abubuwa ne masu kyau, ya kamata kowane gida ya san su.

Amma wanda ya san unguwanninmu ya san yadda ake kai mara lafiya asibiti: motar maƙwabci, adaidaita sahu, wani lokaci babur. Gidaje da yawa ba su da lamba, kwatance ake yi da masallaci da mai shayi, wasu lungunan mota ba ta shiga. Ko an zo, ƙofar gida a kulle, ta ɗaki da sakata. Saƙon da agogo ya tura wa ɗa a Landan da ƙarfe huɗu na dare ba zai ɗaga uwarsa daga ƙasa ba. Iyakarsa ya tashe shi ya fara neman wanda zai ɗauki waya a gida.

Shi ya sa a ganina, ga mafi yawan gidajenmu, tambayar wace na'ura za a saya ita ce ta ƙarshe. Ta farko ita ce: wane mutum ne zai iya isowa cikin minti biyar, yana da makulli, kuma ya yarda a tashe shi da dare? Idan an samu wannan mutum, ko usur na iya ceton rai.

Tsarin da gida zai iya haɗawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan tsohon na zaune gida ɗaya da iyali, abu mafi amfani da na sani shi ne ƙararrawar ƙofa mara waya, irin wadda ake sayarwa a shagunan kayan wuta, mai aiki da batir. A sa mai ƙarar a ɗakin wanda barcinsa ba shi da nauyi. Maɓalli ɗaya a bakin gado, ɗaya a bayi, kuma a ƙasa-ƙasa, inda hannun wanda ke kwance zai kai. Mutane kan manta da wannan su kafa shi daidai kafaɗar mai tsaye. A gwada shi duk Juma'a, a canja batir kafin ya mutu.

Sakatar bayi da ta ɗaki a sauya su da irin wadda ake iya buɗewa daga waje, kuma idan da hali ƙyauren bayi ya riƙa buɗewa zuwa waje, domin wanda ya faɗi a bayan ƙofa jikinsa ne ke tokare ta.

Idan shi kaɗai yake kwana, ƙaramar waya mai madannai da ke kwana uku da caji ta fi babbar waya amfani. A ɗinka mata 'yar jaka a rataya a wuya, a saita lambar maƙwabci a madanni ɗaya, a tabbatar da kati a ciki kullum. A ajiye makulli wurin maƙwabcin. Sannan a tsayar da lokutan leƙawa da ba sa tashi: bayan asuba da bayan isha'i. Muna da wannan tsari tun asali. Dattijon da ba a gani a sahu ba da asuba, jama'ar masallaci kan biya su duba. Abin da ya rage shi ne a mayar da shi alkawari, a kuma tuna da tsofaffin mata da ke salla a ɗaki, waɗanda ba wanda zai lura da rashinsu a sahu.

Agogon zamani na da wurinsa. Ya dace da dattijon da ke da sauran ƙarfi, mai fita shi kaɗai, wanda ya saba da babbar waya, gidansa na da sola, kuma akwai wanda zai kula da caji. Ga mai sumewa ko wanda jiri ke kayarwa ba shiri, na'urar da ke kira da kanta ta fi maɓalli. A sa lambar na kusa a farko, ta na nesa a biyu.

Kyamara a ɗakin tsoho kuwa, ni ban goyi bayanta ba sai da yardarsa, kuma ko da yardar, ban da wurin kwana da wanka. Uwar da ta raine ka ba za ta so ka riƙa kallon ta daga waya tana sauya zane ba. Duk tsarin da aka ƙaƙaba wa tsoho ba tare da shawararsa ba, a ƙarƙashin matashi zai ƙare. A zauna da shi a ce, “Baba, idan Allah ya kawo tsautsayi da dare, wa kake so a fara kira?” Mace ta zaɓi macen da ba za ta ji nauyinta ba. Da an yi wa gwaggona wannan tambaya, da ba ta kai wayewar gari a ƙasa ba.

Idan an same shi a ƙasa

Abin da hannu ke fara yi shi ne a ciccibe shi, kuma kuskure ne. A tsuguna a yi masa magana, a ga ko yana cikin hayyacinsa, a tambayi inda ke ciwo. Idan ƙafa ɗaya ta gajarce ta kuma juya waje, ko ya kasa motsa ta saboda ciwon kwatangwalo ko matsematsi, a ɗauka ƙashin ƙugu ya karye. Idan wuya ko baya ke ciwo, kada a juya shi. A rufe shi da bargo, a nemi taimako, a ɗauke shi a miƙe a kan katako ko ƙyaure, kada a naɗe shi a kujerar adaidaita. Idan baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce ta kayar da shi, kuma kowane minti na da tsada. Mai ciwon suga da ke gumi da rawar jiki, idan yana farke yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi. Wanda ke magagi kada a ɗura masa komai.

Buguwar kai na da yaudara. Jini na iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai, sai bayan kwanaki ko makonni a ga ruɗewa, yawan barci ko ciwon kai, a ce tsufa ne. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ya ga likita ko da ya ce lafiyarsa lau.

Masu ɗori suna da daraja a wurinmu, amma karayar ƙashin ƙugu a can ciki take, kara da tsumma ba sa kai wa gare ta. Hoto take so, kuma galibi tiyata. A Ingila ƙa'ida ita ce a yi aikin ranar da aka kwantar da mutum ko washegari, kuma duk da haka kusan ɗaya cikin uku na rasuwa a cikin shekara guda. Wanda aka bari wata biyu a kwance a ɗaki ana shafa masa magani, haɗarinsa ya fi haka. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da ke aiki tun 1959, da asibitocin koyarwa, don irin wannan aka yi su.

Wanda bai ji ciwo ba, akwai hanyar tashi da ya kamata ya koya tun yana lafiya. Ya mirgina gefe, ya koma kan hannaye da gwiwoyi, ya rarrafa zuwa kujera ko gado mai ƙarfi, ya dafa, ya kawo ƙafar da ta fi ƙarfi gaba, ya miƙe a hankali ya juya ya zauna. Mai salla ya riga ya san rabin wannan motsi daga tasowa daga sujada.

Bayan an tashe shi, sauran tambayar me ya kayar da shi. Sau da yawa amsar na cikin ledar magungunansa: maganin hawan jini da ke sa jiri idan an miƙe da sauri, maganin barci, maganin suga da aka sha ba a ci abinci ba, musamman da azumi. A kwashi ledar gaba ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, a kai wa likita. A duba ido ko yana ta rufe. A gwada shi a gida: ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. Idan ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, hukumar CDC na lissafa shi cikin masu haɗarin faɗuwa.

A gidan gwaggona an cire sakatar, an kafa ƙarfen dafawa a bangon bayi, an sa fitilar sola a hanyar da take bi, an yi mata kujerar alwala. Ƙararrawar na ɗakin jikarta, wadda ita ta zaɓa da bakinta. Maɓallin kuwa yana liƙe kamu biyu daga ƙasa, kusa da inda take ajiye buta.